Tandun Man Bindiga da Matsalar Tantance Shi a Cikin Tsofaffin Kayan Soja

A gindin mafi yawan bindigogi samfurin Lee-Enfield, waɗanda sojan Ingila ya fara riƙewa a shekarar 1895, akwai wata 'yar ƙofa a jikin farantin ƙarfen da ke dafe da kafaɗar mai harbi. Idan aka ɗaga ta da farce ko da gefen kwanson harsashi, sai a tarar da rami a cikin katakon, wanda aka haƙa domin ajiye abu biyu: igiya mai ɗan nauyin tagulla a bakinta, wadda ake zargawa ta cikin bututun bindiga a jawo ƙyalle da ita, da kuma wani ɗan bututun tagulla mai tsawon yatsa, mai murfi na murɗawa, wanda aka liƙa wa siririn tsinke mai kan cokali daga ciki. A cikinsa ake zuba man da soja ke shafa wa bindigarsa. Masu tara tsofaffin kayan yaƙi a Turai da Amurka sun daɗe da mayar da wannan ɗan abu fage mai zaman kansa, suna bambance nau'o'insa, suna karanta tambarin da ke gindinsa, suna kuma jayayya a kan na gaske da na jabu. Manazarcin al'adun Hausawa yana da dalilin da zai sa ya saurari wannan jayayya, ko da kuwa bai taɓa sha'awar bindiga ba, domin dubban Hausawa sun rataya wannan bindiga, kuma tantance abin da ya rage daga gare ta aiki ne da ke bukatar ƙa'ida.

Sai an fara da suna. Fassara kai tsaye za ta ba da "kwalbar mai", amma kwalba a kunnen Bahaushe gilashi ce, wannan kuwa ƙarfe ne. Hausa tana da kalmar da ta fi dacewa, wato tandu, mazubin da dukawa ke yi da fata domin adana mai ko zuma ko kwalli. Aikinsu ɗaya, girman ƙaramin tandu ma bai yi nisa da na wannan ba, don haka "tandun man bindiga" ya fi zama a baki, kuma da shi za a ci gaba.

Dalilin da ya sa gwamnatoci suka damu da shi har suka buga masa hatimi yana cikin harsashin wancan zamani. Ɗan maƙunshin da ke tayar da wuta a gindin harsashi yana ɗauke da wani sinadari da idan ya ƙone yake barin gishiri a cikin bututu. Gishirin yana jawo laima, laima tana haifar da tsatsa, kuma a wuri mai damina kwana ɗaya ya isa ɓarna ta fara. Mai shi kaɗai ba ya narkar da wannan gishiri, shi ya sa aka koya wa sojan Ingila ya ɗura tafasasshen ruwa ta cikin bututun, ya busar da shi da ƙyallen fulanel mai inci 4 a tsaye da 2 a kwance, sannan ya bi da mai. Rashawa sun bi wata hanyar. Tandun da suke bayarwa tare da bindigar Mosin-Nagant na gwangwani ne mai ciki biyu da baki biyu, gefe ɗaya an rubuta masa harafin Щ domin ruwan wanki mai kama da ruwan toka, ɗayan kuma harafin Н domin mai. Wanda bai san baƙaƙen Rashanci ba zai karanta su a matsayin W da H na boko, ya shiga neman kamfanin da ba a taɓa kafawa ba. Siffar kowane tandu, ke nan, amsa ce ga wata matsala ta aiki, kuma wanda ya san matsalar ya yi rabin tantancewa tun kafin ya juya gindin abin.

Jamusawa sun tattara nasu kayan a cikin wani ɗan gwangwani mai murfi sama da ƙasa da suka fito da shi a 1934, wanda ya ƙunshi sarƙar goge bututu da burushi da tandun mai, da fari na ƙarfe, daga baya na wata baƙar roba mai tauri da ake kira bakalait. Amurkawa kuwa sun yi wata dabara a ƙaramar bindigarsu ta M1, wadda suka ƙera fiye da miliyan 6 a lokacin yaƙin duniya na biyu: tandun nata ɗan bututun ƙarfe ne da ake sakawa a wata tsaga a gefen gindin, kuma shi ne ke riƙe da maɗaurin rataya. Idan aka cire shi, maɗaurin ya kwance. Akwai kuma wani jinsi dabam da bai shafi soja ba, wato tandunan da ake sakawa a akwatunan bindigogin farauta na masu hali a Ingila, waɗanda kamfanonin birnin Sheffield irin su James Dixon & Sons da Hawksley suka yi suna wajen ƙerawa. Waɗannan gajeru ne masu faɗin gindi, an yi su ne domin su zauna a gurbinsu cikin akwati, ba za su shiga ramin gindin bindiga ba.

Na Ingila ne ya fi shafar ƙasar Hausa, don haka shi ya cancanci a tsaya a kansa. An kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma a 1897 a ƙarƙashin Lugard, aka ƙara mata laƙabin sarauta a 1928, kuma Hausa ce ta zama harshen hulɗa a tsakanin dakarunta na Nijeriya, har ta haifar da irin Hausar nan da ake kira Barikanci. Dakarun sun yi yaƙi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sun yi a Afirka ta Gabas, sannan a 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 waɗanda aka kai ƙasar Bama ta hanyar Indiya. Sunan barikin Chindit da ke Zariya yana tuna wa mutane bataliyoyin Nijeriya da suka yi aiki a bayan layin Japanawa a 1944. Da aka sallami waɗannan mutane, bindiga ta koma ma'ajiyar makamai, domin kayan gwamnati ce mai lamba, kuma Dokar Makamai ta 1959 ta sa riƙe irinta ba tare da izini ba laifi ne. Tandun mai ba shi da lambar da ta ɗaure shi da wata bindiga, yana shiga aljihu, yana ɓacewa a maye gurbinsa. A cikin dukan abin da ke jikin bindiga, shi ne mafi sauƙin bin tsohon soja gida ya kwanta a adaka tare da lambar girma da takardar sallama. Saboda haka idan irinsa ya ɓullo a gidan jikokin wani mazan jiya, ko a tiren mai sayar da tarkace a kasuwa, tambayar da ke gaban manazarci ta gaske ce.

Abu na farko da masu tarawa ke nema shi ne alamar mallakar gwamnatin Ingila, wata kibiya mai layi uku da suka haɗu a sama, wadda ta yi kama da sawun kaza. Ƙasashen da ke ƙarƙashin daular sun yi mata kwaskwarima: Kanada ta saka ta a cikin harafin C, Afirka ta Kudu a cikin U, Ostareliya ta sanya ta tsakanin D biyu, Indiya kuma ta haɗa ta da harafin I. Baƙaƙen EFD suna nuni da masana'antar gwamnati ta Enfield, wadda aka rufe a 1988. Kambun sarauta da lamba a ƙarƙashinsa hatimin mai duba aiki ne. Kibiya biyu da suka haɗa kai suna nufin gwamnati ta sayar da abin, ya fita daga hannunta ta halas. Sauran baƙaƙen da ake gani a gindi galibi farkon sunayen 'yan kwangila ne, domin a lokacin yaƙi an raba aikin ga kamfanoni masu yawa da a da suke ƙera wasu abubuwan dabam. Nau'in tagulla da aka fi cin karo da shi, wanda ake kira na huɗu, ya yi aiki a yaƙin duniya na farko da na biyu, sai ƙarancin tagulla ya sa aka fito da na biyar, wanda aka yi da roba.

Duk wannan ilimi ne mai amfani, kuma masu tarawa sun cancanci yabo a kan haƙurin da suka yi wajen haɗa shi. Inda ake samun tuntuɓe shi ne ɗaukar hatimi a matsayin hukuncin ƙarshe. Hatimi yana faɗin inda aka ƙera abu da wanda ya karɓe shi a madadin gwamnati. Ba ya faɗin wanda ya riƙe shi, ko fagen da aka kai shi, ko shekarar da ya shigo ƙasar da aka tsince shi. Tandun da aka ƙera kafin 1918 yana iya kwana a sito shekara 20 kafin a miƙa wa wani kurtu a Kaduna. Bindigar da aka ƙera a Long Branch ta Kanada tana iya ɗaukar tandun Enfield, ta Lithgow ta ɗauki na Indiya, babu wanda ya damu, tun da ramin ɗaya ne. Mai saye a Landan da ke neman "daidaitaccen" tandu domin bindigarsa yana gina wani tsari ne da sojan da ya riƙe ta bai san da shi ba. A nan kuwa rashin daidaiton shi ne abin sha'awa. Tandu mai alamar Indiya a hannun iyalin wanda aka ce ya je Bama ya dace da hanyar da rundunonin suka bi, kuma wannan dacewa hujja ce mai ɗan nauyi, ko da yake ba ta kai tabbaci ba.

Ƙarfin hatimi da siffa ya fi bayyana wajen kore magana. Idan aka kawo tandun Jamus irin na gwangwanin 1934 aka ce ganimar yaƙin Kamaru ce, maganar ta faɗi, domin an gama wannan yaƙi shekara 18 kafin a ƙirƙiro abin. Idan aka kawo na roba aka jingina shi ga zamanin cin Kano da Sakkwato a 1903, ita ma ta faɗi. Tandun Rasha mai baki biyu ba ya cikin kayan da aka raba wa dakarun Afirka ta Yamma a Bama. Wannan ba yana nufin iyalin da suka ba da labarin sun yi ƙarya ba. Kakan ya yi soja da gaske, amma abubuwa suna cuɗanya a adaka cikin shekara 80, kuma a gida ɗaya ana iya samun wanda ya je Bama da ɗansa da ya yi yaƙin basasa da jikansa da ya yi aikin ɗan sanda. Aikin manazarci shi ne ya raba zaren ba tare da ya ci mutuncin mai labari ba.

Sai kuma matsalar jabu. Tun da aka samu masu saye, aka samu masu ƙera sababbi su buga musu kibiya, kuma buga layi uku a jikin tagulla ba aiki ne mai wuya ba. Abin da ke da wuyar kwaikwayo shi ne tsufa na gaskiya. Tsohon hatimi bakinsa ya daɗe da lallausa, launin cikinsa ya yi daidai da na kewayensa ko ya fi duhu saboda dauɗar da ta taru. Sabon bugu bakinsa yana da kaifi, yakan tayar da ƙarfe a gefe, cikinsa yana ƙyalli. Murfin da aka buɗe sau dubbai yana murɗuwa da sauƙi, kuma goguwar da ke jikinsa tana wurin da yatsa ke kamawa. Tsufan da aka yi da sinadari yakan rufe ko'ina bai ɗaya, har da lungunan da hannu ba ya kaiwa da kuma wuraren da ya kamata hannu ya goge. A ƙarƙashin murfin akwai 'yar fatar da ke hana yoyo, wadda a tsohon tandu takan yi baƙi ta ƙandare ta ɗauki siffar bakin da ta daɗe tana dannewa. Mayen ƙarfe ba ya kama tagulla, don haka idan ya kama, to ƙarfe ne aka yi wa rufi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa shi kaɗai. Tsohon tandu yana iya samun sabuwar fata, na jabu yana iya samun tsohuwa. Haɗuwarsu ce ke ba da natsuwa.

A ƙasar Hausa akwai wani ruɗanin da littattafan masu tarawa na Turai ba su tanadar masa amsa ba. Ɗan bututun tagulla mai murfi da tsinke a ciki ya yi kama ƙwarai da mazubin kwalli, kuma yana iya yin aikin battar taba ko ta turare ko ta allura. Ruɗanin yana tafiya ta fuska biyu: a ɗauki tandun soja a rubuta shi cikin kayan adon mata, ko a ɗauki aikin maƙeran fari a sayar wa baƙo da sunan kayan yaƙi. Kama da wane ba ta wane. Abin da ke raba su shi ne hanyar ƙira. Aikin zubi na gargajiya yana barin 'yan ramuka da kaurin da bai daidaita ba, aikin bugu irin wanda Bida ta shahara da shi yana barin sawun guduma da zanen ado, murfinsu kuma sau da yawa na turawa ne. Na masana'anta jikinsa sumul ne, kaurinsa ɗaya daga sama har ƙasa, tsagar murfinsa inji ne ya yanka ta, kuma ba shi da ado ko kaɗan, domin gwamnati ba ta biyan kuɗin ado. A nan masanin sana'o'in Hausawa ya fi mai tarawa na Ingila ido, tun da ya san hannun maƙeri in ya gan shi. Idan kuma aka samu tandun soja na gaske da burbushin kwalli a cikinsa, to wannan abu ne mai tarihi biyu, kuma na biyun ya fi kusa da fagen nazarin Hausa: yadda kayan bariki suka shiga ɗakin mata suka sauya aiki. Mai tarawa zai kira shi gurɓatacce ya wanke shi. Wankewar ita ce ɓarnar.

Za a iya cewa duk wannan wahala ce a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ma a ce tandun kayan rundunar da ta ci ƙasar da yaƙi ne, bai kamata a ba shi mazauni kusa da sulke da kwalkwali da takubban sarakuna ba. Ƙorafin na biyu yana da tushe, kuma bai dace a yi watsi da shi ba. Sai dai gidan tarihi ba wurin karrama abubuwa ba ne kawai, wurin ajiye shaida ne. Mutanen da suka shafa wannan mai 'ya'yan manoma ne daga ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau da Bauci, da yawansu ba su bar rubutu ba, kuma kusan dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Harshe ya adana sawunsu a kalmomi irin su soja da kofur da saje da samanja da fareti da bariki, waɗanda suka zauna kusa da tsofaffin aro daga Larabci irin su bindiga da harsashi da albarushi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa daga Zariya a 1939, ta adana wani ɓangare na labarin zamaninsu. Fagen nazarin Hausa ya yi ƙoƙari a kan kalmomi da rubuce-rubuce, amma kayan hannu na wannan rukuni na mutane ba su samu irin wannan kulawa ba, alhali su ne suka fi saurin salwanta, domin tagulla tana da kasuwa a wurin masu sayen ƙarafa da awo.

Abin da ya kamata ɗalibin da ya fita aikin fili, ko ma'aikacin gidan tarihi, ya riƙe shi ne raba bayani gida uku a kan katin kowane abu, kada a bari su cakuɗe. Na farko abin da jikin tandun ya nuna: ƙarfen da aka yi shi da shi, tsawonsa da faɗinsa da milimita, siffar murfi da ta tsinke, da kowane tambari kamar yadda yake, a zana shi a kuma ɗauki hotonsa da haske daga gefe domin ramin bugun ya fito. Na biyu abin da masu shi suka faɗa, da kalmominsu, tare da sunan da suke kiran abin da shi a gida, domin wannan sunan kansa bayani ne ga masanin harshe. Na uku hasashen mai bincike, a rubuta shi a matsayin hasashe. Katin da ya ce "tandun man bindiga na yaƙin Bama" ya haɗiye ukun a jimla ɗaya, kuma bayan shekara 30 babu mai iya sanin ko daga hatimi aka samo maganar, ko daga bakin jika, ko daga zaton wanda ya rubuta.

Batun gogewa ma yana bukatar tsawatarwa. Al'ada ce a ga tagulla ta yi duhu a ɗauko toka da lemun tsami ko tsamiya, ko man Brasso, a dirje ta har ta yi ƙyalli kafin a nuna wa baƙo. Kowace gogewa tana cin wani abu daga fuskar ƙarfen, kuma hatimin mai duba aiki, wanda tun asali ba shi da zurfi, shi ne ke fara tafiya. Gaskiya ne sojojin da kansu sun goge tagullarsu domin fareti, har wasu tambura suka dushe tun a hannunsu, amma wannan dushewa tana cikin tarihin abin, ta yau kuwa share tarihin take yi. Busasshen ƙyalle mai laushi ya wadatar. Idan murfi ya ƙi buɗuwa, a bar shi a rufe maimakon a kama shi da filaya. Idan ya buɗu aka tarar da ɗan kauri mai wari a ƙasa, ko baƙin gari, a rubuta launinsa da warinsa a kan katin, a mayar da murfin, a ajiye tandun a tsaye a wurin da laima ba ta kaiwa.